Tukunya Ɗaya, Hannun Mata Biyu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ƙananan kamfanonin giya suka ɗauka. Kamfani biyu, kowanne da sunansa da masu sayensa, sai su haɗa kai su dafa giya guda. Wannan ya kawo hatsinsa, wancan ya kawo dabararsa, a buga sunayensu duka biyu a jikin kwalba. Ranar da za a buɗe ta abokai kan taru a mashaya su ɗanɗana, kowa ya faɗi abin da harshensa ya gaya masa. Su can abin na nishaɗi ne da neman suna. To, mu ma a nan arewacin Kamaru muna da irin wannan haɗin gwiwa, sai dai namu ba kwalba, ba takarda a manne, kuma yawanci wahala ce take haifar da shi. Labarin wata tukunya irin wannan nake so in ba masu karatu a wannan wata.

Kafin in shiga, bari in yi wa 'yan'uwa magana guda. Na sani da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba sa kusantar giya, addini ya hana su, kuma ina girmama wannan ƙwarai. Ba kiran kowa nake yi zuwa ga ƙwarya ba. Wanda ya bari ya huta, wanda bai taɓa ba kada ya fara saboda ni. Amma tunda unguwa ɗaya muke, rijiya ɗaya muke ja, yana da kyau mutum ya san abin da ke dahuwa a gidan maƙwabcinsa ko da ba zai sa a baka ba.

Ni a Kolofata na tashi, cikin yankin Mayo-Sava, kusa da Mora, dab da iyakar Nijeriya. Mahaifina daga dutse ya sauko, cikin Mafa, ya zo neman ƙasar noma a fili. Garin na Barebari ne da Mandara, Musulmi ne mafi yawa, mu kuwa mutanen dutse muna zaune a gefen gari da ƙauyukan kewaye. Hausa a kasuwa muka koye ta, a Kerawa da Banki da Amchide, inda ba wanda ke tambayarka ƙasarka muddin kuɗinka na da kyau, naira ce ko sefa. A gidajenmu giyar dawa, wadda a nan ake kira bilbil, a ƙetaren iyaka kuma burkutu, tana cikin kowace hidima. In za a yi gayyar noma ita ce ladan ma'aikata. In za a nemi aure ita ke gaba. In an yi rasuwa da ita ake sallamar masu zaman makoki. In mutum biyu suka yi faɗa aka sulhunta su, sai a ba su ƙwarya ɗaya su kafa kai tare, kunci na gogar kunci, su sha a lokaci guda. Daga nan magana ta mutu.

Wannan zama shi ne ya watse. Ran 27 ga Yuli 2014 'yan Boko Haram suka afka wa Kolofata, suka kashe mutane, suka tafi da matar Amadu Ali, ɗan garin wanda a lokacin yake mataimakin firayim minista, tare da Lamiɗon Kolofata, Seini Bukar Lamin. Sai a watan Oktoba aka sako su. Ran 12 ga Janairu 2015 suka sake dawowa kan sansanin soja. A watan Satumba na wannan shekara 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a cikin gari, a watan Yuni 2017 kuma aka sake yi a sansanin masu gudun hijira. Kasuwar Banki da Amchide ta mutu a waɗannan shekaru, manoma suka ji tsoron gonakin nesa. Wanda ke da inda zai nufa ya nufa. Wasu suka tsaya Mora, wasu Marwa, mu kuma ƙafa ta kawo mu har Garwa, bakin Binuwai.

Mu huɗu ne 'yan Kolofata da muka saba haɗuwa ran Asabar. Akwai ni, tsohon malamin makaranta. Akwai Direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Mora da Banki. Akwai wanda muke kira Likita, ko da yake malamin asibiti ne da ya yi ritaya. Na huɗunmu Tela ne, Bamandare, Musulmi mai riƙo da salla, wanda bai taɓa sa giya a bakinsa ba tun da uwarsa ta haife shi. Tare muka yi wasan ƙasa, tare muka gudu, don haka ba abin da ya isa ya raba mu.

Yanzu ga matan biyu. Ta fari ita ce wadda duk unguwa ke kira Mama. Batupuriya ce daga wajen Dukula, ta zo ƙasar Binuwai tana amarya, cikin ayarin mutanen arewa mai nisa da suka yi ta kwararowa noman auduga bayan an kafa kamfanin Sodecoton a 1974, aka kuma gama madatsar ruwan Lagdo a 1982. Ta ce sana'ar ta kankama a hannunta ne bayan an karya darajar sefa a watan Janairu 1994. A lokacin an zaftare albashin ma'aikata, giyar kwalba da masana'antar Brasseries du Cameroun ke yi a nan Garwa ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, sai ga masu taye da takalmi sau ciki suna zaune kan benci a gidanta riƙe da ƙwarya. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya, ta yi ɗakuna na kwano. Amma yau gwiwa ta ƙi, hayaƙin shekaru ya ci idonta, 'ya'yanta mata kuwa ba wadda ke son gadon murhu.

Ta biyu muna kiranta 'yar Gwoza. Daga duwatsun Gwoza ta fito lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan bindiga a watan Agusta 2014. Ta ƙetaro ta Kerawa da goyo a baya da yara biyu a hannu, mijinta kuwa har yau ba labari. Da yawa daga mutanenta an kai su sansanin Minawawo kusa da Mokolo, ita kuwa ta zauna wajen wasu dangi a gefen Kolofata, har gudu na biyu ya same ta tare da mu. Ta iso Garwa ba tukunya, ba randa, ba jari. Ta yi wankau, ta yi aikatau, ta yi dakan kuɗi. Abu ɗaya ne ba wanda ya iya ƙwace mata a hanya, wato abin da uwarta ta koya mata na dafa burkutu.

A bakin famfo suka san juna. Mama tana jin Fulatanci da Hausar kasuwa, 'yar Gwoza tana jin Hausa da Fulatancin gaisuwa, sauran kuma hannu ya ƙarasa. Mai tukwane ba ƙarfi, mai ƙarfi ba tukwane. Sai dai kowa ya san ba a haɗa mata biyu a murhu ɗaya cikin sauƙi, balle a ce kowacce da irin dahuwar da ta gada.

Ga wanda bai sani ba, aikin kusan mako guda yake ci. Za a jiƙa dawa ta kwana a ruwa, a tsame, a shimfiɗa a inuwa a rufe, ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ne asirin abin, domin shi ke mayar da garin dawa ya zama zaƙi. Sai a shanya a rana ta bushe, a kai inji a ɓarza. A dama da ruwa a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasa har ya yi kauri, sannan a mayar da wanda aka tsiyaye a haɗe su. A bar shi ya kwana ya ɗauki tsami. Washegari a tace, a sake ɗorawa a wuta sa'o'i masu yawa. In ya huce sai a zuba iri, wato abin da aka kwashe aka busar daga tukunyar baya, shi ne yistinsu. Kafin gari ya waye ya taso yana kumfa. Ranar za a sha, domin ba ta jimirin ajiya, in ta ƙara kwana biyu sai dai a zubar.

A kusan kowane mataki sun sha bamban. Mama tana so a tace sosai a daɗe ana dafawa, giya ta fito ja, garai-garai, mai zaƙi-zaƙi. 'Yar Gwoza ta saba da mai kauri wadda ke cika ciki kamar kunu, mai tsami da ke kama gefen harshe. Mama ta saba surka masara saboda araha, kamar yadda mata da yawa ke yi a Garwa. 'Yar Gwoza ta ce ita dai jigari zalla, jar dawar damina, ko a fasa. Mama a gangar ƙarfe take dafawa don ta fi saurin zafi ta rage cin itace, ita kuwa waccan ta ce ƙarfe na ba giya ɗaci, a bar ta ta kwana a tukunyar ƙasa. Sun yi mako uku suna wannan ja-in-ja. A ƙarshe suka raba aikin. Zaɓen dawa da tsiro da kwanan tsami na 'yar Gwoza ne, a tukunyar ƙasa. Tacewa da dahuwa ta biyu da iri na Mama ne, a gangarta.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙaramin abu ne suka sa a caca. Kuɗin buhun jigari da na itace bashi 'yar Gwoza ta ci a adashi. Mama kuwa sunanta na shekara talatin ta ɗora a kai, domin masu sayenta tsofaffin Tupuri ne waɗanda harshensu ba ya yafiya, in suka tashi suka koma gidan wata, sun tafi ke nan. Saboda haka ta aiko a kira mu tun da hantsi, kafin jama'a su taru. Ta ce mu ne muka san giyar can muka san ta nan, mu faɗa mata gaskiya. In ba ta yi ba, a ba aladu, kowa ya kama gabansa.

Tela ya rako mu kamar kullum, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, ya aiki yaro ya karɓo masa shayi. Shi ba ya shiga, mu kuma ba ma barinsa shi kaɗai, don haka muka jawo benci zuwa bakin ƙofa, rabinsa a ciki rabinsa a waje. Ya ce, “Ku sha abinku. Ni alƙalin fuska ne yau. Baki na iya yin kara, fuska ba ta yi.”

Mama ta fito da ƙwaryar ɗanɗano, wadda ba a biya. Bisa al'ada mai giya ke fara kurɓa a gaban baƙi don a san ba cuta a ciki. Ta kurɓa, ta miƙa wa 'yar Gwoza ta ce, “Ƙanwata, ke ma hannunki na ciki.” Ita ma ta kurɓa, sannan ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu, da yake ni ne babba.

Launinta ja ne mai duhu kamar jan ƙasa bayan ruwan sama, da ɗan kumfa fari a gefen ƙwarya yana ta motsi, alamar tana da rai. Da ɗuminta. Ƙanshin tsiro ne ya fara dukan hancina, irin wanda ke tashi in an buɗe rumbu. Kurɓar farko tsami ne ya tarye ni, mai tsabta, ba irin na abin da ya lalace ba. Kafin in haɗiye sai zaƙi ya biyo baya a hankali, a can ƙarshe kuma ɗan hayaƙin itace. Ba ta kai burkutu kauri ba, ta kuma fi bilbil ɗin Mama jiki. Na miƙa wa Likita.

Likita mutum ne mai son bayani. Ya juya ta a baki, ya rufe ido, ya ce, “Mama, wannan ai gaisuwa biyu ce. Gwoza ta yi sallama, Dukula ta amsa.” Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa a ganinsa a rage kwanan tsamin kaɗan in zafi ya shigo, domin zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ba irin na kan dutse ba ne, abin da ke ɗaukar dare guda a can rabin dare ya ishe shi a nan. 'Yar Gwoza ta gyaɗa kai, ta ce ita ma ta lura.

Saura Direba. Shi ne ya fi mu ɗokin wannan rana, tun da ya ji an ce hannun mutuniyar dutse na ciki. Ya sha, ya sake sha, ya ajiye ƙwarya a ƙasa bai ce komai ba. Tela ya leƙo daga gindin itace ya ce, “Direba, fuskarka ta riga ta yi magana, ƙarasa.”

Direba ya ce, “Tana da daɗi. Amma ba ta gida ba ce.”

Wuri ya yi tsit. Na ga hannun Mama ya tsaya a kan ludayi. 'Yar Gwoza kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, ka kawo mini ruwan rijiyar Kolofata ne? Ka kawo mini dawar da aka noma a kan dutse? Da ruwan famfon Garwa na jiƙa, dawar kasuwar nan na saya, itacen ma ban san sunansa ba. Yaron da na goyo muka ƙetaro, yau Fulatanci yake mini a gida. Shi ma in mayar da shi don ba na gida ba ne?”

Direba ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ɗauki ƙwaryar ya ce a cika ta, wannan karon da kuɗinsa. Ya matso kusa da ni ya ce, “Malam, kafa kai.” Muka sha tare, kunci da kunci, irin na iyayenmu. Tela ya ɗaga kofin shayinsa ya ce shari'a ta ƙare, alƙali zai tafi azahar.

Na yi ta juya maganar matar nan a raina. Gaskiyar Direba ce, giyar ba ta gida ba ce. Abin da muke nema a ƙwarya tun da muka baro Kolofata ya wuce tsami da zaƙi. Muna neman inuwar da muka zauna, da muryoyin waɗanda muka zauna da su, alhali wasunsu suna kabari, wasu ba a san inda suke ba. Ba macen da za ta iya dafa wannan, kuma zalunci ne a ɗora mata. Abin da ta iya shi ne ta ɗauki abin da ta tsira da shi ta haɗa da abin da ta tarar, ta fitar da abin da babu shi a Gwoza, babu shi a Dukula, sai a Garwa. Haka 'ya'yanmu suke, haka Hausar da muke yi take, ta kwashi Fulatanci ta kwashi Faransanci. Shekara goma da wani abu ba baƙunta ba ce kuma.

Da la'asar tsofaffin Mama suka zo. Wasu suka yaba, wani dattijo ya ce tsamin ya yi masa yawa, shi a ba shi irin ta da. Mama ta ce masa ya zo ran Laraba, ranar tata ce ita kaɗai, Asabar kuwa ta su biyu ce. Kafin magariba an kankare ganga. Ciniki kashi uku suke yi, ɗaya na dawa da itace, ɗaya na Mama, ɗaya na 'yar Gwoza. Dusar kuma ta aladun Mama ce, in an sayar da alade ana ba waccan wani abu. Ba arziki ba ne. Itace na ƙara tsada, dawa na hawa da sauka, ranar da tukunya ta ƙi kuwa hasarar ta su biyu ce. Amma an biya adashi, kuma yaran uku suna makaranta.

Ba zan rufe ba sai na faɗi ɗaya gefen, don kada a ce na shafa wa abin zuma. Giya ta rusa gidaje da yawa a cikinmu. Na ga magidanci ya sayar da dawar da iyalinsa za su ci ya kai gidan bilbil. Na ga waɗanda baƙin cikin hijira ya tura su daga ƙwarya zuwa arki, wato wadda ake tatsa da wuta, daga nan zuwa barasar leda mai arha, har hanta ta kumbura. Likita ya fi ni sanin adadin waɗanda muka binne ta wannan hanya. Iyayenmu suna sha ne bayan aiki, a cikin jama'a, a gaban manya masu iya cewa ya isa. Mama tana riƙe da wani abu na wannan tsari. Ba ta sayar wa yaro, ba ta ba da bashi, in ta ga harshen mutum ya fara nauyi sai ta kife ƙwaryarsa ta ce a raka shi gida. Da duk masu sana'ar haka suke, da kukan ya ragu.

Ga masu karatu da ba ruwansu da giya, ga abin da nake roƙo. A kowace unguwa ta Garwa da Marwa da Mora akwai irin 'yar Gwoza, mace ko namiji, mai sana'a a hannu amma ba kayan aiki. Akwai masu saƙa, masu ƙira, masu suyar ƙosai, masu noman albasa da ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Akwai kuma irin Mama, masu kayan aiki da ƙarfi ya fara ƙarewa. Sadaka tana da lada, amma takan ƙare ran da aka ba da ita. Tela ya gane wannan tun kafin mu. Keken ɗinkinsa na biyu, wanda ya daɗe a rufe da zane, yanzu wani saurayi ɗan Kerawa ne ke takawa, suna raba abin da aka samu, kuma ya ce yaron ya zo masa da wani irin aikin wuyan riga da shi bai iya ba.

Wasu daga cikin mutanenmu sun koma Kolofata suna lallaɓa rayuwa, wasunmu kuwa mun riga mun binne iyaye a nan mun haifi jikoki. Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bayyana waɗanda suka ɓata, ya sa wa sana'ar kowa albarka. Amin.